Mama Magdalina Ta Taya Bitil

A shekarar 1981 Irimiya ya cika shekara biyar yana aikin safiyo, wato awon ƙasa, a Minna, tun lokacin da aka ƙirƙiro jihar Neja aka dawo da su daga Sakkwato. A Maitumbi yake zaune da matarsa Phoebe, malamar firamare, da 'ya'yansu biyu, ga na uku a ciki. Duk ranar Lahadi su huɗu suke hawa babur ɗaya zuwa coci, yaro a kan tanki, yarinya a tsakiya. Da cikin Phoebe ya fara tsufa sai wurin yarinyar ya ƙare. Irimiya ya duba abin da ya daɗe yana tarawa, ya ga ya kai naira dubu uku da ɗari takwas, ya ce lokacin mota ya yi.

Ya je Paiko ya gaya wa mahaifiyarsa, Mama Magdalina. Ya same ta a gindin mangwaro tana ware doya, manya gefe, ƙanana gefe. Shekara talatin ke nan tana sayar da doya a kasuwar Paiko, kuma duk garin an san ta da tambaya. Ranar da aka kawo injin niƙa, sai da ta sa mai injin ya kwance shi ta ga haƙoran.

Da yaren Gbagyi suke magana in su biyu ne. Ya ce mata Bitil yake so, ƙaramar Boksuwaja, don ita ce mai sauƙin kuɗi cikin sababbi, kuma ranar Juma'a zai je wurin dila.

"Dila?" in ji ta. "Shi da kansa ya yarda ana kiransa dila?"

"Haka ake ce wa masu sayar da mota, Mama. Ba dilan daji ba."

"To, ka taya nawa?"

"Ba a taya sabuwar mota. Kuɗin a rubuce yake a takarda, an manna a gilashi."

Ta ajiye doyar da ke hannunta. "Wa ya rubuta?"

"Dilan."

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa, ko akawunsa."

Ta ce tana so ta ga kasuwar da mai kaya ke rubuta abin da ransa ke so, mai saye ya miƙa ba ko tari. Irimiya ya yi ƙoƙarin hana ta. Ya ce wurin ba na mata ba ne, ya ce akwai rana. Ranar Juma'a da ya tashi daga aiki ya tarar da ita a gidansa, ta riga ta shigo motar safe, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci.

Da la'asar ya goya ta a babur zuwa hanyar Bosso. Wurin fili ne da aka kewaye da waya, da rumfar kwano da ɗan ofis. Fijo huɗu ne a jere a ƙarƙashin rumfar, sai Bitil guda ɗaya mai ruwan ɗorawa a can ƙarshe, rabinta a rana. Mai wurin, Alhaji Ndakotsu, Banufe ne mai jiki, da tabarau rataye a wuya. Ya tarbe su da fara'a, ya sa aka kawo wa Mama kujera. Ba ta zauna ba. Kai tsaye ta nufi motar.

Ta kewaye ta sau biyu. Ta ƙwanƙwasa gefenta da ɗan yatsa, ta kara kunne. Ta ce a buɗe mata gaba. Alhaji ya buɗe, ta leƙa, ba ta ga komai ba sai taya ɗaya da fili.

"Alhaji, ina kayan cikin? Ko dabam ake sayensu?"

Ya yi dariya har tabaran na rawa a ƙirjinsa. Ya kai ta baya, ya ɗaga murfi ya nuna mata injin.

"Me ya sa aka kai shi baya?"

"Haka masu ƙera ta suka ga dama, Mama."

"Ba su faɗi dalili ba?"

Alhaji ya sosa ƙeya. Ya ce nauyin da ke baya yana taimaka mata a laka, kuma ba ta shan ruwa kamar sauran motoci, iska ce ke sanyaya ta. Wannan ya ba Mama mamaki ƙwarai. Sai da ya nuna mata inda iskar ke shiga, ta sa tafin hannu a wurin, kafin ta bar maganar.

Irimiya yana tsaye gefe, kunya ta ishe shi. Idonsa na kan takardar da ke gilashi. An rubuta dubu huɗu da ɗari uku. Ya ja Alhaji gefe ya fara cewa, "Ranka ya daɗe, gaskiya abin da nake da shi..." Bai ƙarasa ba ya ji dunduniyar mahaifiyarsa a kan yatsun ƙafarsa. Bai ma san lokacin da ta iso ba.

Ta ce tana so ta shiga ciki. Aka buɗe mata wajen direba. Tana cikin cin goro, ta ga tana bukatar hannu biyu don ta kama sitiyari, sai ta jawo wani ɗan akwati da ta gani a gabanta, ta ajiye ɓarin goron, ta mayar. Ta murɗa sitiyarin hagu da dama, ta shinshina ledar kujera, ta tambayi aikin kowane maɓalli. Daga ciki ta leƙo ta taga.

"Alhaji, doya idan ta daɗe a ajiye takan yi tsiro, ta motse. Mota fa, me takan yi?"

"Mota ba ta lalacewa, Mama. Ƙarfe ne."

"Ko kaɗan?"

"To, batir yakan sauka in ba a tayar da ita. Taya takan saki iska. Shi ke nan."

"Wannan takardar ta gilashi ta koɗe. Rana nawa ta sha?"

Alhaji ya dubi takardar kamar yau ya fara ganinta. Ya ce tun farkon damina motar take nan. Ta tambaye shi dalili. Ya ce masu kuɗi Fijo suke nema, masu neman Bitil kuma fara ko shuɗiya suke so, wai wannan kalar ta yi kama da tasi. Ya ƙara da cewa ƙarshen wata tirela za ta kawo wasu daga Legas. Yana faɗa ya kau da kai, kamar wanda ya ga ya zubar da abu.

Mama ta fito ta gyara zane. "Dubu uku da rabi," in ji ta.

Irimiya ya sunkuyar da kai. Alhaji bai ji haushi ba. Ya ce albarka, ya ce ko shi bai same ta haka ba. Suka ɗan ja. Ya sauko zuwa dubu huɗu da ɗari da hamsin, ya ce nan ne ƙarshe, saboda girman Mama. Ta yi masa godiya, ta ce za su je su yi shawara.

Ya raka su har bakin waya. Irimiya na ƙoƙarin tayar da babur, Alhaji ya rage murya ya ce, "Shawara ɗaya zan ba ku. Akwai wani a hanyar Paiko, bayan gidan mai na biyu, hannun hagu, kusa da masu walda, an shafa wa ƙofarsa koren fenti. Sheshi sunansa. Kada ku je wurinsa. Daɗin baki ne da shi, kuma yana karya kasuwa don kawai ya ɓata mini."

Suka kai gida. Phoebe ta kawo tuwo, sannan Irimiya ya fara ƙorafi. Ya ce mutumin kirki ya rage musu har ɗari da hamsin, Mama ta taya masa kamar ana cinikin akuya. Ya ce in ya sayar da babur ɗinsa zai iya cikawa. Mama tana ta laluben bakin zanenta, ta ce ba ta san inda ta jefar da goronta ba. Sannan ta dubi surukarta.

"Phoebe, in kina so kada mutum ya je wani gida, za ki gaya masa kalar ƙofar?"

Phoebe ta ce ita kam ba za ta ma ambaci gidan ba.

"Ni ma haka na gani. Gobe ina so in ga wannan koren fentin."

Da safiyar Asabar suka tafi. Kwatancen bai kuskure ko taku ɗaya ba: gidan mai na biyu, masu walda, koriyar ƙofa. Sheshi siriri ne, bai kai Alhaji shekaru ba, sanye da riga da wando na 'yan boko. Fijo biyu gare shi, da akori-kura ɗaya, da Bitil mai ruwan ɗorawa an wanke ta tana ƙyalli, da sabuwar takarda a gilashi.

"Irin wannan kalar biyu kacal aka kawo Minna," in ji Sheshi. "Ɗaya tana wurin wancan mutumin na hanyar Bosso. Kun je can? Nawa ya ce muku?"

Irimiya ya faɗa masa. Sheshi ya girgiza kai, ya ce wasu ba sa tsoron Allah. Ya ce shi ba ya son doguwar magana, dubu huɗu da hamsin, a ɗauka yau. Irimiya ya ji zuciyarsa ta yi fari. Ga naira ɗari ta sauka ba tare da ya buɗe baki ba. Ya juya ya gaya wa mahaifiyarsa da yarensu cewa wannan kam ba a wuce shi, zai kai babur kasuwa yau ɗin nan.

Mama ta matsa gaba. Ta kewaya motar kamar jiya, ta buɗe ƙofa ta zauna. Ta kama sitiyari. Ta tambayi Sheshi ko duk Bitil iri ɗaya ake yin su ciki da waje, ya ce ƙwarai, kamar tagwaye. Ta jawo ɗan akwatin nan na gabanta. Ta daɗe tana kallon cikinsa.

"Ɗana, wannan akwatin na mene ne?"

"Na zuba tokar sigari ne, Mama."

"Kowace mota da goronta take zuwa?"

Ta ɗago ɓarin goro, ya ɗan bushe, ga shatar haƙoranta a jiki. Ta nuna wa Irimiya, ta ce masa ga abin da ta kwana nema. Ta goge shi a zane ta jefa a baki.

Irimiya ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya fahimta. Da ya fahimta sai ransa ya ɓaci. Ya ce wa Sheshi wannan ai yaudara ce, mota ɗaya ce ake yawo da ita, ya ce Mama ta fito su tafi.  Sheshi ya ce wataƙila mai wanki ne ya ajiye. Mama ta ce mai wankin nan lalle haƙorinsa na gaba ya gutsure daidai inda nata ya gutsure.

Ba ta fito ba. Ta gyara zama, ta buɗe ɗaya ƙofar ta ce Sheshi ya shigo ya zauna kusa da ita, rana ta yi zafi. Ya shiga kamar ɗalibin da aka kira ofishin hedimasta.

"Ba faɗa zan yi ba," in ji ta. "So nake in san yadda kuke yi. Mene ne Alhaji a wurinka?"

Sheshi ya dubi Irimiya, ya dubi sitiyari. "Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Motocin na wa?"

"Namu ne tare."

"Yaushe aka kawo wannan nan?"

"Da asuba. Ni na tuƙo ta."

"In da mun koma wurinsa yau fa?"

"Sai ya ce an saya, ya turo ku nan ko ta wace hanya."

Ta tambaye shi ko kowa ake yi wa haka. Ya ce a'a, sai wanda ya taya ya tafi. Ya ce mutum ba ya son ya sayi mota a wurin farko da ya shiga, gani yake an cuce shi. Amma in ya zo wuri na biyu ya ji an rage masa ɗari, kuma ya ji ana zagin na farko, sai ya biya yana murna, ya je gida ya ce ya yi wayo. Ya rantse cewa motar sabuwa ce fil, ba abin da aka taɓa a jikinta.

Mama ta yi dariya a hankali har kafaɗunta na motsi. Ta ce, "Ni da ƙanwata Mary mun yi shekara goma sha biyu muna haka. Ita a bakin kasuwa, ni a ciki wajen masu manja. Doyar gona ɗaya. Masu zuwa daga Ibadan su taya tata su tafi, su zo wurina in ce musu, wannan matar ta bakin hanya ai ba ta da tausayi."

Irimiya ya sunkuyo ta taga. "Mama, ke da Inna Mary? Ai na ɗauka ba kwa shiri a kasuwa. Ina yaro har kuka na yi a kan haka."

"Na sani. Ka fi kowa taimaka mana."

Ta juya ga Sheshi. Ta ce amma sana'ar tana da doka. Ba a barin mai saye ya gane doyar, in kuwa ya gane, to ranar tasa ce. Ta ce ya aika a kira yayansa, ba ta son ciniki da rabin mai kaya.

Sheshi ya shiga ofis ya buga waya. Kafin rabin awa Alhaji Ndakotsu ya iso cikin Fijo. Ya fito ya tsaya, ya ga Mama zaune a Bitil tana tauna, ya ga ƙaninsa na kallon ƙasa. Sheshi ya yi masa bayani da Nufanci cikin kalmomi kaɗan. Alhaji ya cire hula ya share gumi, sannan ya durƙusa kaɗan ya gaishe ta, ya ce, "Mama, kin kama mu."

Aka fito da benci a inuwa. Mama ta zauna a tsakiya, Irimiya a gefenta, 'yan'uwan biyu suna fuskantarsu.

"Nawa kuka saye ta?" ta tambaya.

"Wannan kam ba a faɗa," in ji Alhaji.

"Da ka faɗa da na raina ka. To, bari in faɗi abin da na sani. Tun farkon damina take hannunku. Mutane sun ce tasi ce. Ƙarshen wata farare da shuɗɗa za su iso, kuma ranar da suka iso ba mai sake kallonta. Mu kuwa kalar ba ta dame mu ba. Jikokina za su gane motar ubansu tun daga nesa. Dubu uku da ɗari shida."

Alhaji ya ce albarka. Ya ce kuɗin tirela daga Legas kaɗai ya isa ya sa mutum kuka. Ya ce dubu huɗu cif. Ta ce dubu uku da ɗari bakwai. Sheshi ya ce a cire hamsin daga dubu huɗun. Nan aka tsaya. Mama ta ɗaga kai tana kallon masu walda a tsallaken hanya, kamar ta manta da su. Alhaji ya shiga goge tabarau. Ba wanda ke son ya riga wani magana.

Irimiya ne ya sa baki. Tun da aka zauna yake sauraro, fushinsa ya sauka, wani abu dabam ya maye gurbinsa. Ya ce, "Alhaji, ina da tambaya. Wannan kuɗin, har da lamba da inshora?"

Alhaji ya ce a'a, waɗannan na mai saye ne, amma suna iya yi masa in ya ƙara ɗari da ashirin.

"Ofishin lamba yana bayan namu. Na san abin da ake biya, bai kai rabin haka ba. Wannan zan yi da kaina. Rediyon da ke ciki fa, da shi ta zo?"

Sheshi ya ce su suka sa, don ta ƙara farin jini.

"To, ku cire shi. Ina da rediyo a gida. Ku sa wa wata." Ya ƙara da cewa, "Kuma a sashenmu mutum shida ne ke maganar mota kafin Kirsimeti. Ranar Litinin duk za su fito su ga tawa, kuma za su tambaye ni inda na saya, da yadda aka yi. Zan gaya musu gaskiya. Ku ne za ku zaɓi irin gaskiyar da zan faɗa."

Mama ta juyo ta dube shi, kamar yadda ta dubi injin Bitil jiya. 

'Yan'uwan suka koma gefe suka yi magana da Nufanci. Sheshi yana ta nuni da hannu, Alhaji yana girgiza kai, daga baya ya daina. Suka dawo. Alhaji ya ce dubu uku da ɗari takwas da hamsin, ba rediyo.

"Ɗari takwas," in ji Irimiya.  "Ba ni da ko sisi a kan haka, kuma ba zan sayar da babur ɗina ba. In bai yi ba, za mu jira na ƙarshen wata, ko in hau jirgin ƙasa in duba na Kaduna."

Alhaji ya dubi Mama. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce ita rakiya ta yi, mai mota ya yi magana. Alhaji ya numfasa, ya miƙa wa Irimiya hannu.

"Na sallama. Allah ya sa albarka, ya tsare hanya."

Suka ce amin. Sheshi ya tashi zai kawo rasit, Mama ta tsayar da shi.

"Ina gyara?"

"Gyaran me, Mama? Sabuwa ce."

"Ba wannan ba. Wanda ya sayi ƙwaryar doya, guda ɗari, ana ɗora masa biyu ko uku a kai. Wanda ya sayi mota me ake ɗora masa?"

Alhaji ya ce shekararsa tara a wannan sana'a ba a taɓa tambayarsa gyara ba. Ya yi tunani, ya ce za a cika tanki. Ta tambaya ko tankin yakan kai Paiko. Ya ce zai kai Paiko ya dawo sau biyar. Ta ce to ya yi, a haɗa da tabarmin roba na ƙafa da ta gani a cikin Fijo, saboda yara. Aka haɗa.

Kafin su tafi Alhaji ya tambaye ta, cikin ladabi, ko za ta gaya wa mutane zancen shagunan biyu. Ta ce ita ba ta tona asirin kasuwa, amma ɗanta ma'aikacin gwamnati ne, ba ta san irin tasu dokar ba. Irimiya ya ce duk abokin aikinsa da zai zo, zai ce masa ya nemi a zauna da su biyun a benci ɗaya. Alhaji ya ce hakan ma ya yi.

Sai ranar Laraba aka gama lamba da inshora. Mama ta ƙi komawa Paiko a motar haya, ta ce za ta jira. Da yammacin ranar Irimiya ya ɗauke ta, Phoebe da yara a baya. Ya yi tuƙin a hankali, don lasin ɗinsa ya girmi ƙwarewarsa. Rabonsa da sitiyari tun Landirobar ofis. Har suka wuce gadar Chanchaga Mama ba ta kalli hanya ba. Ƙafafunsa take kallo.

"Ƙafa biyu gare ka, abin takawa uku. Yaya kake raba su?"

Ya yi mata bayanin kuloci da birki da totur. Ta sa ya maimaita. Da suka shiga Paiko, maimakon gida, ta ce ya bi ta filin ƙwallon makarantar firamare. An tashi, ba kowa sai awaki. Ta ce ya tsaya, ya fito.

"Mama, ba haka ake yi ba. Sai an koya."

"To, koya mini. Ga fili."

Phoebe ta kwashe yara suka koma gindin bishiya. Mama ta cire takalma ta zauna wajen direba, Irimiya a gefenta, hannunsa a kan birkin hannu. Sau uku motar na zabura tana mutuwa. A na huɗu ta tafi. Mama ta riƙe sitiyari da ƙarfi, ta miƙa wuya gaba, motar na tafiya kamar mai jin barci. Awaki suka watse. Ta kewaye filin sau ɗaya a giya ta ɗaya, ta wuce ta tsakanin sandunan gola ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta sake kewayowa. Yara suna tsalle suna kiran kakarsu. Mutanen da ke dawowa daga gona suka tsaya a bakin fili da fartanya a kafaɗa.

Daidai gindin bishiyar ta taka birki ba ta taka kuloci ba, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Ta zauna tana numfashi, sannan ta buɗe ƙofa, ta sa takalmanta.

"Na gane," in ji ta. "Ba wuya, sai dai ba a iya yin tunanin komai in ana yi. Karɓi abinka."

Ta koma ɗaya gefen ta zauna, ta ɗora ƙaramin jikan a cinya, ta ce a kai ta gida, tana da doyar da za ta ware kafin kasuwa.